Manhajar hira a ajin koyon harshe: a bar ta ta koyar, ko har ta ba da maki?

Tambaya: Ni malamar Faransanci ce a makarantar sakandare. Ɗalibaina sun fara kawo mini insha'in da ya fi ƙarfinsu, kuma ina zargin ChatGPT ce ke rubuta musu. Wasu abokan aikina sun ce in hana amfani da ita gaba ɗaya, wasu kuma sun ce in rungume ta, har ma in riƙa ba ta takardun ɗalibai tana duba mini. Wace shawara zan ɗauka?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Abubuwa biyu kika haɗa a tambayarki, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Akwai amfani da manhajar hira wajen koyon harshe, akwai kuma ɗora ta a kujerar mai ba da maki. Na farkon ina goyon bayansa, amma da sharaɗi. Na biyun ina da ja a kansa ƙwarai. Na daɗe ina koyar da harshe, ina kuma horar da masu koyar da shi, don haka damuwarki ba baƙuwa ba ce a wurina.

Hira da kwamfuta ba yau aka fara ta ba. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya ƙera ELIZA, wadda aikinta kawai ta juya maganar mutum ta mayar masa da ita a sigar tambaya, amma duk da haka mutane suka riƙa zama suna zazzage mata abin da ke cikinsu. Abin da ya sauya lamarin shi ne fasahar da masu bincike na Google suka fito da ita a 2017. A kanta aka gina ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya saki ranar 30 ga Nuwamba 2022, da takwarorinta irin su Gemini da Claude. An ɗura musu rubutu mai yawan da ba wani mahaluki da zai iya karance shi a tsawon rayuwarsa, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan 'yar uwarta. Daga nan aka ƙara horar da su da ra'ayin mutane, ana nuna musu irin amsar da ta fi gamsar da mai tambaya. Ki riƙe waɗannan abubuwa biyu, domin alherinsu da matsalarsu a ajin harshe duk daga nan suka fito: sun iya tsara jimla mai santsi, kuma an rene su a kan faranta wa mai tambaya rai.

Alherin a fili yake. A ce kina da ɗalibai 40 a darasin minti 40. Ko da ke ba ki ce uffan ba, kowane ɗalibi minti ɗaya zai samu ya buɗe baki. Ba a iya harshe da minti ɗaya a rana. Ga kuma kunya da fargaba, waɗanda Elaine Horwitz da abokan aikinta suka yi nazari a kansu tun 1986, suka nuna cewa fargabar ajin harshen waje matsala ce mai zaman kanta. Kin san ɗalibar da ta san amsa amma ta gwammace ta yi shiru da a yi mata dariya. Manhaja ba ta dariya, ba ta gajiya, ba ta ƙosawa idan aka tambaye ta abu ɗaya sau goma. Wannan ne ya sa Duolingo, manhajar koyon harsuna, ta ɗauki GPT-4, fasahar hira ta kamfanin OpenAI, a watan Maris na 2023 ta yi sashen da mai koyo zai riƙa kwaikwayon hira, kamar yana tambayar hanya ko yana neman masauki.

Ke ma za ta rage miki wahala wajen samar da abin karantawa. Binciken Paul Nation da wasu ya nuna cewa mai koyo yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi cikin natsuwa ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace 50. Samun rubutu mai daɗi a daidai wannan mataki shi ne abin da ya daɗe yana ba malamai wuya. Yanzu kina iya cewa a rubuta miki gajeren labari a matakin A2 na ma'aunin da Majalisar Turai ta fitar a 2001, mai hawa shida daga A1 zuwa C2, ki faɗi kalmomin da kike son su maimaitu. Sai dai ki karanta kafin ki raba, domin tana yawan farawa a matakin da aka ce mata sannan ta haura sama ba ta sani ba.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma a nan nake son mu ɗan daɗe. A shekarun 1980 masanin koyon harshe Stephen Krashen ya yi tashe da ra'ayin cewa harshe yana shiga ne ta hanyar ji da karanta abin da mutum ya fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan. Akwai gaskiya a ciki. Amma Merrill Swain ta duba yaran Kanada masu jin Ingilishi waɗanda aka koyar da su darussansu da Faransanci na tsawon shekaru. Ta tarar suna fahimtar Faransanci sosai, amma idan suka zo magana ko rubutu nahawunsu yana nan da giɓi. A 1985 ta kawo bayaninta: ji kaɗai ba ya isa, sai an tilasta wa mai koyo ya fitar da magana da kansa. Lokacin da ɗalibi ya tsaya yana laluben kalma, yana tunanin wane mataimakin aikatau zai sa, ko être ko avoir, a lokacin ne yake gane abin da bai sani ba. Richard Schmidt ya ƙara da cewa, a 1990, abin da mai koyo bai lura da shi ba da wuya ya zauna masa. Wannan ɗan gumin na neman kalma shi ne koyon kansa. Manhajar hira kuwa an gina ta ne don ta share wa mutum gumi.

Ki duba abin da ke faruwa idan ɗalibi ya rubuta j'ai allé au marché, yana nufin na je kasuwa, amma ya yi kuskuren nahawu. Idan ya faɗa wa manhajar ta gyara masa, nan take za ta miƙo masa je suis allé, ta kuma gyara sauran sakin layin, ta sauya kalmomin da ba kuskure ba ne don su ƙara daɗi, ta yaba masa. Yaro ya kwafe ya kawo miki. Takarda ta yi kyau, kansa kuwa yana nan yadda yake. Gobe zai sake rubuta j'ai allé. Akwai kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: manhajar ta cika fahimta. Idan mai koyo ya yi wa ɗan'adam gurguwar jimla, sai ya ga an yamutsa fuska, an ce ba a gane ba, dole ya sake tsara maganarsa. Michael Long ya gina ra'ayinsa a kan irin wannan kai-komo na neman fahimtar juna, yana ganin a nan harshe ke ginuwa. Ita manhajar, ko yaya jimla ta lalace, za ta cinko ma'anar ta ci gaba da hira kamar ba abin da ya faru. Ɗalibi sai ya ɗauka ya iya.

Saboda haka hani ba zai yi miki aiki ba, domin ba kya tare da su a gida. Sakin linzami ma ba zai yi ba. Abin yi shi ne ki koya musu yadda za su sa ta ta daina yi musu aikin. Ki rubuta umarni ɗaya da Faransanci mai sauƙi, ki ba kowa ya liƙa a farkon hira. Ma'anarsa ta kasance kamar haka: ni mai koyo ne a matakin A2, ki yi mini tambaya ɗaya a lokaci guda, da gajerun jimloli, idan na yi kuskure kada ki ba ni amsa, ki nuna mini inda yake ki bar ni in gwada sau biyu, kada ki gyara abin da ba kuskure ba ne, idan jimlata za ta rikita mai jin harshen, ki ce ba ki gane ba. Wannan ɗan sauyi yana mayar da ita daga mai yi wa ɗalibi jinga zuwa abokiyar atisaye. Takan manta umarnin idan hira ta yi nisa, don haka ki ce su riƙa yin gajerun zama, minti goma ko sha biyar, su sake liƙa shi. Sannan su kawo miki hirar tare da layi uku da hannunsu: kuskuren da na yi, yadda na gyara, jimla sabuwa da na ƙirƙira da wannan ƙa'ida.

Gargaɗi biyu kafin mu wuce. Na farko, manhajar ta fi iya amfani da nahawu a kan bayyana shi. Za ta rubuta jimla daidai, amma idan aka tambaye ta dalili, wani lokaci sai ta ƙago ƙa'idar da ba ta cikin kowane littafi, ta faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa. Idan ɗalibi ya musa mata, takan ba shi haƙuri ta koma bayan kuskurensa. Abin ya fi tsanani idan bayanin da harshen da ba shi da rubutu mai yawa a intanet aka nema, domin kusan rabin shafukan intanet da Ingilishi suke, kuma ƙarfinta a kowane harshe yana bin yawan abin da ta karanta a cikinsa. Na biyu shi ne furuci. A manhajoji da yawa, ana fara mayar da murya rubutu ne kafin a amsa, kuma sashen da ke wannan aiki an horar da shi ya cinki kalmar da ake nufi ko da an furta ta a karkace. Ɗalibi zai iya kasa bambanta dessus (sama) da dessous (ƙasa) a bakinsa, amma ya ga kalmar ta fito daidai a allo. Kunnenki har yanzu shi ne ma'auni a nan.

Sai batun ba da maki. Shi ma tsohon buri ne. Ellis Page ya fara gwada sa kwamfuta ta duba insha'i tun 1966. Hukumar ETS, mai shirya jarrabawar iya Ingilishi ta TOEFL, tana da na'urar e-rater da aka fara amfani da ita a jarrabawar GMAT ta neman shiga karatun kasuwanci a 1999, kuma jarrabawar Ingilishi ta PTE Academic ta kamfanin Pearson, wadda ta fito a 2009, an gina ta ne a kan duban na'ura. Wani zai ce, to tunda manya suna yi, me zai hana malamar aji? Bambancin yana da girma. Waɗannan na'urori an horar da su ne a kan tarin amsoshin da ƙwararrun mutane suka riga suka ba maki, a kan ayyuka takamaimai, ana kuma bibiyar yadda makinsu ke dacewa da na mutane. Duk da haka ba su tsira daga suka ba. A 2014 Les Perelman da wasu ɗalibai suka ƙera wata manhaja mai suna BABEL, wadda ke zubo dogayen jimloli masu manyan kalmomi amma babu ma'ana ko kaɗan, kuma na'urorin duba insha'i suka riƙa ba ta maki mai yawa. Ita kuwa jarrabawar Ingilishi ta IELTS har yau mutum ne ke yi wa mai jarrabawa tambayoyin baka.

Manhajar hira ta gama-gari ba ta bi ta wannan tantancewa a kan ajinki ba. Kada ki ɗauki maganata, ki gwada da kanki. Ki zaɓi insha'i biyar da kika riga kika duba, ki cire sunaye, ki ba ta kowanne sau uku a sabuwar hira tare da ma'aunin makinki. Abin da na saba gani shi ne maki yana motsi daga zama zuwa zama, yana taruwa a tsakiya zuwa sama, kuma rubutu mai tsawo da santsi yana samun tagomashi ko da bai amsa tambayar ba. Dalili kuwa mun riga mun faɗe shi: hasashe take yi, kuma tana son farantawa. Ba ta san cewa wannan yarinyar a watan jiya ba ta iya haɗa jimla biyu ba, yau ga shi ta yi kasadar amfani da subjonctif, wata sigar aikatau mai wuya, ta faɗi. Ke kin san wannan faɗuwar ci gaba ce. Maki kuma hukunci ne a kan ɗan wani, dole a samu mutumin da zai tsaya ya kare shi idan an tambaya. Ba banza ba dokar Tarayyar Turai ta 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira ta sanya manhajojin auna sakamakon karatu a rukunin masu babban haɗari. Abin da na yarda da shi shi ne ki sa ta ta taya ki aikin share fage: ta tattaro miki ire-iren kurakuran da suka fi yawa a aji don ki san abin da za ki maimaita, ko ta tsara miki daftarin tambayoyi ki tace. Ki cire sunan ɗalibi da duk abin da zai nuna shi kafin ki liƙa rubutunsa. Ki kuma lura da shekaru, domin jagorar da UNESCO ta fitar a Satumba 2023 ta ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji shi kaɗai.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma na san za a kawo miki shi a matsayin mafita, wato manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura. Ina roƙonki kada ki hukunta ɗalibi da su. OpenAI da kanta ta fitar da irin wannan a Janairu 2023, ta bayyana cewa kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun na'ura yake kamawa, yana kuma yi wa rubutun mutane ƙazafi a kashi 9 cikin 100. A watan Yuli na shekarar ta janye shi. Abin da ya fi shafarmu shi ne binciken da aka yi a jami'ar Stanford a 2023. An gwada irin waɗannan manhajoji bakwai a kan insha'i 91 na TOEFL da waɗanda Ingilishi ba harshensu ba ne suka rubuta da hannunsu. A matsakaici, sama da kashi 60 cikin 100 an ce na'ura ce ta rubuta, alhali rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas kusan duka an gane na mutane ne. Dalilin mai sauƙi ne kuma mai ciwo. Manhajojin suna duba yadda kalmomi ke zuwa a yadda ake tsammani. Mai koyon harshe kuwa kalmominsa kaɗan ne, jimlolinsa na littafi ne, don haka rubutunsa ya fi kama da na na'ura. Ɗalibin da ya zauna ya yi aikinsa da gaskiya, ya bi ƙa'idar da kika koya masa sau da ƙafa, shi ne zai fara faɗawa tarkon. Binciken a kan Ingilishi aka yi shi, amma ban ga dalilin da zai sa mai koyon Faransanci ya tsira ba.

Masana auna fahimta sun daɗe da sanin cewa abin da ake ba maki shi ɗalibai ke bi. Idan makin yana kan kyakkyawar takardar da aka kawo daga gida, to takarda za su nema, ta kowace hanya. Don haka ki matsar da makin zuwa inda idonki yake. Rubutun da zai shiga sakamako a yi shi a aji, da biro, ko da gajere ne. Sakin layi ɗaya da kika ga an rubuta ya fi shafi uku da ba ki san asalinsu ba. Aikin gida ya zama na atisaye, makinsa kaɗan, kuma a kan hirar da bayanin gyaran za a bayar. Idan aiki ne mai tsawo, ki karɓi daftarin farko a aji, ki bar su su je su nemi gyara a wurin manhajar a fili ba a ɓoye ba, sannan su dawo su nuna abin da suka karɓa da abin da suka ƙi, da dalili. Ɗalibin da ya iya cewa na ƙi wannan gyaran domin vous ta girmamawa ya kamata in ce wa shugabar makaranta ba tu ta sabo ba, ya nuna miki ilimin da babu takardar da za ta nuna. Ki ƙara wa jarrabawar baka nauyi. Na san tana cin lokaci, amma minti biyu ga kowane ɗalibi, kaɗan-kaɗan a tsawon zango, yana yiwuwa.

Game da takardun da ke kan teburinki yanzu, kada ki fara da zargi, domin ba a riga an shimfiɗa musu doka ba, kuma zato ba hujja ba ne. Ki kira kowane ɗalibi shi kaɗai, ki ajiye takardarsa a gabansa, ki nuna jimla biyu ki ce ya faɗa miki ma'anarsu, ya kuma sake faɗin ɗaya da wasu kalmomin. Wanda ya rubuta da kansa zai yi, ko da da in'ina. Wanda aka rubuta wa zai tsaya, kuma yawanci shi da kansa zai faɗa miki gaskiya idan ya ga ba tozarta shi kike son yi ba. Sai ki ba shi takarda da biro da minti goma sha biyar ya rubuta abin da zai iya a kan batun, ki ba wannan maki. A darasi na gaba ki buɗe manhajar a gaban aji, ki rubuta j'ai allé da gangan, su ga yadda take yi idan babu umarni, sannan ki liƙa umarnin su ga bambancin.